Tumatir a rumfar raga ba tare da maganin kanti ba: kowa ya faɗi abin da ya gani

Uwargida a Garwa:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Waɗanda suka taɓa noman kayan miya a cikin rumfar raga, don Allah ku zo ku taya ni gani. Bayan damina maigida ya kafa mini rumfa a bayan gida, tsawo taku goma, faɗi taku shida, muka lulluɓe ta da raga irin ta gidan sauro, na jera buhu 40 na tumatir da tattasai. Abin da ya sa na shiga wannan wahala, na ga da idona yadda wasu masu lambu a bakin kogin Binuwai, nan arewacin Kamaru, ke fesa wa salak da tumatir maganin da aka yi don auduga, kwana biyu kuma ga kayan a kasuwa. Wata biyun farko abin gwanin sha'awa. Yanzu ganye ya nannaɗe sama kamar cokali, gefensa ya yi ɗorawa, fure sai zuba yake. In na girgiza reshe sai wasu fararen ƙwari su tashi kamar an busa gari. Saman ƙasar buhunan kuma ya yi fari fat. Ni da na zaci raga ta raba ni da ƙwaro!

Mai Albasa, Marwa:
Wa alaikumus salam Hajiya. Tambaya ɗaya kafin komai: irin da kika dasa, ke kika yafa shi ko saye kika yi? In saye ne, to ɓarawon da hannunki kika shigo da shi. Farin ƙuda ne wannan, a bayan ganye yake zama ya yi ƙwai, kuma shi ke ɗauko cutar da ke nannaɗe ganyen tumatir daga wannan shuka zuwa waccan. Wadda ta riga ta kamu ba ta da magani, ko na kanti. Ki tuge ta, ki sa a leda tun a cikin rumfar, ki fita da ita ki ƙone. Ragar gidan sauro kuwa don sauro aka saƙa ta, farin ƙuda ratsa ta yake abinsa. Akwai mai ƙananan ido da aka yi dominsa, sai dai tana tare iska, ga zafin Garwa. Ni dai bido, wato jarkar roba, mai ruwan ɗorawa nake yankawa, in shafa masa man girki, in rataya daidai tsayin shuka. Launin ke jansu su manne. Ba ya gama da su, amma kullum da safe zai gaya miki ko sun ƙaru ko sun ragu.

Uwargida a Garwa:
Saye na yi, Malam. A bakin kasuwa, an ɗaure da ganyen ayaba. Allah ya sa mu dace.

Baba Tsoho na Lambu:
'Yata, maganinki yana zube a gindin bishiya. Mu a Marwa duk titin da kika bi darbejiya ce, 'ya'yanta na zuba awaki na tattakawa. Shekaru nake aiki da su, ga yadda nake yi. Ina tsince nunannu, in wanke ɓawon, in shanya a inuwa har su bushe ƙayau, don wanda ya yi funfuna ba ya aiki. Sai a sussuka a fitar da ƙwayar ciki, a daka a turmi. Ki ware masa turminsa, in ba haka ba fura za ta yi ɗaci har sallah mai zuwa, kuma ni ba ruwana da rigimar gidanku. Rabin kilo na dakakken a bokiti mai lita 10, ya kwana a jiƙe. Da safe a tace da tsumma sau biyu saboda bakin famfon feshi, a narka ɗan sabulun salo kamar girman goro don ya kama ganye. Ranar da aka tace ranar ake fesawa, kuma sai rana ta yi sanyi, bayan la'asar sakaliya, saboda hasken rana na kashe ƙarfinsa. A juya bakin famfon sama a jiƙe bayan ganye, can suke.

Inda mutane ke ɓata rawarsu da tsalle shi ne gaggawa. Darbejiya ba ta kayar da ƙwaro nan take kamar maganin auduga. Hana shi ci take yi, ta hana ƙananan girma, sai bayan kwanaki ki ga an ragu. Duk mako a sake. Wani yarona ya ga kwana biyu ƙwari na nan, ya zazzaga garin wanki a ciki ya fesa da azahar, washegari tattasan nan kamar an bi su da wuta. In kuma akwai masu kiwon kifi kusa, kada ragowar ruwan ya gangara musu, yana yi wa kifi illa.

Ɗan Kusiri:
Kowa ya bi ƙwaro, an bar farin da ta ce ya fito a saman ƙasa, alhali ni shi ya kashe mini shuka shekara biyu a jere ina zagin ƙwari. Yaya, ɗanɗana ruwan da kike ban ruwa da shi. Foraj ɗinmu, wato rijiyar burtsatse, ruwansa zartsi-zartsi ne, sabulu ma da ƙyar yake kumfa, butar shayi kuma duk ta yi farin dutse a ciki. A gona damina kan wanke gishirin ya yi ƙasa. A buhu ba inda zai je: ruwa ya bushe, gishiri ya zauna, kullum ana ƙara masa. Sai ki ga bakin ganye ya ƙone, shuka ta yi yaushi alhali ƙasar a jiƙe take. Abin da na yi, na huda gindin kowane buhu sosai, na ɗora su a kan bulo, duk mako biyu in kwarara ruwa har ya zubo ta ƙasa da yawa. Da damina na tara ruwan kwano a tanki biyu, shi nake ba iri da sabon dashe don su suka fi rauni. Wani abokina a ƙetaren gada, a Njamena, ruwan kogin Shari yake ɗiba ya bar shi ya kwanta, bai taɓa ganin wannan farin ba. Masu ruwan famfo kuwa, a tara a buɗaɗɗen baho ya kwana, warin maganin ya fita.

Hajiya Mai Yakuwa:
Ni toka nake barbaɗawa tun zamanin kakata, darɓa ba ta zama.

Ɗan Kusiri:
A kan ganye kaɗan-kaɗan ba laifi, Hajiya. Amma wanda ruwansa ke da zartsi ya ƙara toka a buhu, kanwa ce a kan kanwa. Tumatir ya fi son ƙasa mai ɗan tsami kaɗan. A ɗebi busasshiyar ƙasar a murfin kwalba a ɗiga mata ruwan lemon tsami, in ta yi kumfa to ba ta neman toka ko kaɗan.

Malamin Gona Mai Ritaya, Garwa:
Bari in ƙara wani ƙwaro da ba a ambata ba, don zai zo. Duk wanda ya ga farin zane a cikin ganye kamar an kankare shi ta ciki, ya ɗaga ganyen a rana zai ga 'yar tsutsa tsakanin fata da fata. Ita ce Tuta absoluta. Asalinta Kudancin Amurka, ta shiga Sifaniya a 2006, kuma ita ta cinye tumatirin Kano da Kaduna a 2016, wadda manoman can suka sa wa suna Sharon. Tunda a cikin ganye take, feshi bai cika samunta ba. Uwarta wani ɗan malam-buɗe-littafi ne mai yawon dare, don haka fitila a kan baho mai ruwan sabulu tana kama da yawa, amma a wajen rumfa ake ajewa, kada ka gayyato su ciki. Sauran aikin na hannu ne, a tsinke ganyen a murje. Sannan Hajiya, zubar fure ba lallai cuta ba ce. Watan Maris da Afrilu a Garwa zafi kan wuce 40, furen tumatir kuma ba ya ɗaure ɗa a irin wannan zafi. Ga shi raga ta hana iska da ƙudan zuma shiga. Ki riƙa girgiza sandunan da hantsi, ki ɗora zana a saman rumfar ta ɓangaren yamma.

Manomi daga Yagwa:
Ni ta ƙasa ta zo mini. Na kwaso ƙasa daga tsohon lambun kuɓewa don na ga baƙa ce mai kyau. Shuka ta tsaya cak, taki ba ya mata komai. Da na tuge ɗaya sai ga saiwar duk ƙulle-ƙulle kamar carbi. Tsutsar saiwa ce, ido ba ya ganinta. Zafin bazarar nan da muke kuka da shi, shi ya yi mini magani: na baje ƙasar, na jiƙa ta sharkaf, na rufe da farar leda mai nuna ciki, na danne gefe da ƙasa, na bar ta mako shida tana dahuwa. Daga baya na haɗa ta da takin shanu da ya ruɓe har warinsa ya koma na ƙasa, da buntun shinkafa da na babbaka rabi-rabi, tunda mu nan bakin kogin Logon buntu kyauta ne. Buntun na sa ruwa ya wuce, saiwa ta sha iska. Ƙasar karal, wato baƙar lakar da ake dasa masakwa, kuwa kada wanda ya sa ta ita kaɗai a buhu, in ta bushe dutse ce. Ɗanyen kashin kaji ma haka, ya taɓa ƙone mini kwami guda cikin kwana uku.

Uwargida a Garwa:
Allah ya saka wa kowa da alheri. Jiya na bi buhunan ɗaya bayan ɗaya. Na tuge 14 na ƙone, ina yi ina jin kamar in yi kuka. Saiwarsu lafiya lau, ba carbi, wannan kam alhamdu lillahi. Amma Ɗan Kusiri ya yi gaskiya: da na ɗaga buhunan, rabinsu ba huji ko ɗaya, gindin ya yi caɓi yana wari. Ruwan rijiyarmu kuma na ɗanɗana, akwai ɗan zartsi da ban taɓa lura da shi ba don na famfo muke sha. Yara sun tsinto mini darbejiya rabin buhu, tana shanye a zaure. Baba, tsohon turmin da nake da shi ya tsage a gefe, zai yi ko sai na nemi wani?