Tiranzit: zango za mu ce ko ratse?

Jama'a, ku taya ni neman kalma ɗaya. Me za mu kira tsayawar da matafiyin jirgin sama yake yi a wani gari kafin ya isa inda ya nufa? Masu sayar da tikiti "tiranzit" suke cewa, mu ma muka bi sahunsu.

Gwaggona ce za ta Umara. Ta miƙo min takardar tikiti ta ce, "Ɗan nan, duba min, awa nawa za mu yi a sama?" Tsakanin Kano da Jidda kimanin kilomita 3,400 ne, jirgin da ya miƙe ba tsayawa yakan ci awa 4 da rabi zuwa 5. Nata kuwa ta Adis Ababa zai bi, wajen kilomita 3,300, sannan a sake tashi a yi arewa, wasu 1,400. Na ce, "Gwaggo, akwai tiranzit a Habasha." Ta zuba min ido kawai. Na sake cewa, "Za ku yada zango a Habasha." Nan take ta gane, har ta ce, "To, kwana nawa? In ƙara zane a jakar hannu?"

Tambayar tata ce ta tsaya min a rai. Zango kalmar fatake ce. Ayarin da ke zuwa Gwanja neman goro, in madugu ya ce a sauka, sai a sauke kaya a bar jakuna su huta, a kwana. Daga nan unguwannin Zango na Kumasi da Ankara (Accra) a ƙasar Ghana suka samo suna. Alhazan da suka bi ta Chadi da Sudan a ƙasa har Sawakin, tashar jiragen ruwa a bakin Bahar Maliya, su ma haka suka yi ta yada zango, wani ya kai shekaru. Shi ya sa kunnen Bahaushe yake jin kwana a cikin kalmar, alhali gwaggo awa 3 kacal za ta yi a kan kujera.

Wani ɗan'uwa ya kawo "ratse". Kalmar tana da daɗi, amma ban gamsu ba. Ratse sai mutum ya bar hanyarsa don ganin dama, ya leƙa ya gaida suruki ya dawo. Wannan tsayawa kuwa tana cikin tsarin tafiyar tun ranar da aka yanki tikiti.

"Hutu" bai shiga ba sam. Duk wanda ya bi layin bincike yana neman ƙofar jirginsa da ido ya san ba hutawa ake yi ba. "Sauyin jirgi" daidai ne, sai dai wani lokacin jirgin da ka zo da shi ne zai ci gaba da kai.

Ni dai zango na tsaya a kai, da sharaɗin a riƙa faɗin tsawonsa: zangon awa 3, zangon kwana. In za a hau wani jirgi, a ƙara da sauyin jirgi. Wanda ba ya tsayawa kuma a ce tafiya ba zango.

Ga abin da na rubuta mata a bayan takardar: "Kano zuwa Habasha. Zangon awa 3, ba kwana, da sauyin jirgi. Ki ƙara awa 2 a agogonki, lokacin Habasha da na Makka ɗaya ne."

'Yan'uwa na Maraɗi da Damagaram, ku yaya kuke cewa a wajenku?