Waɗanda ƙungiya ta mutu a hannunsu, ku zo ku ba mu labari: ta ina Maradi za ta maido ƙwallonta?

Ɗan Bagalam:
Salamu alaikum jama'ar gida. Daren jiya a fadarmu shayi ya ƙare, gardama ba ta ƙare ba. Wani yaro da bai kai ashirin ba ya rantse mini wai Maradi ba ta taɓa zama zakaran ƙwallon Nijar ba. Na ce masa Jangorzo ta ɗauka a 1983, ya kwashe da dariya, sai da ya latsa wayarsa ya gani da idonsa sannan ya yi tsit. A 1984 Espoir ta Damagaram ta karɓa, daga nan kofin ya shiga Yamai ya yi zamansa. Yaron nan ya san golan Barcelona na uku da sunan ƙasarsu, amma da na ce ya kira mini ɗan wasa ɗaya na Jangorzo ko Dankassawa, na da ko na yanzu, sai ya hau sosa ƙeya.

Ƙungiyoyin garin nan suna hawa suna sauka, wasu kuma sun ɓace ko suna ba a ji. Ni ba shawarar bakin gidan kallo nake nema ba, wannan muna da ita buhu-buhu. Wanda ya buga, ko ya tuƙa 'yan wasa, ko ya ciyar da su, ko kuɗinsa ya nutse ciki, ya faɗa mana abin da idonsa ya gani.

Tsohon Gola:
Wa alaikumus salam ɗana. Jikana ke rubuta mini, ni ina faɗa.

Na yi shekaru ina tsaron gida ma wata ƙungiya a garin nan, ba zan kama suna ba don masu ita suna da 'ya'ya da jikoki cikinmu. Mutum guda ke riƙe da mu, wani Alhaji ɗan kasuwa, Allah ya jiƙansa. Takalmi shi, riga shi, mota tasa. In muka ci wasa, da magariba mu taru a zaurensa, ya sa hannu cikin aljihun babbar riga ya miƙa ma kowa kuɗin sabulu. Ba takarda, ba sa hannu. A lokacin ba mu ga aibun hakan ba, don me za ka nemi takarda wurin mutumin da ya yi maka kuɗin aure?

Ranar da ya rasu muna ta kuka muna cewa mun yi rashin uba. Ashe har da ƙungiyar muka rufe a kabarin ba mu sani ba. Bayan sadakar arba'in aka zauna rabon gado, motar da muke tafiya da ita ta faɗa rabon wani ɗansa, ya mai da ita ta haya. Hakkinsa ne, ban ga laifinsa ba, sunan ubansa ke kan takardar motar. Wasan waje na farko muka yi karo-karo muka tafi. Na biyu muka kasa. Na uku ma muka kasa, aka rubuta mana forfe, aka ba abokan karawa maki muna zaune a gida. To ka ji yadda muka faɗi. Babu wanda ya fi ƙarfinmu a fili, wallahi shekarar nan ƙwallayen da suka wuce ni ba su da yawa.

Abin da ya fi ci mini rai, babu ranar da aka ce an rufe. Yau mutum goma sha biyar sun zo atisaye, jibi tara, wani mako biyar. Rana ɗaya na iske ni kaɗai da mai ɗauko mana ruwa. Sakatarenmu ya tattara lasisin 'yan wasa da hotuna ya zuba cikin akwatin ƙarfe ya ce sai an farfaɗo. Shi ma ya riga mu gidan gaskiya.

Direban Dogon Zango:
Baba Gola, Allah ya ƙara lafiya. Ni na ɗauki 'yan wasa ba sau ɗaya ba, kuma abin da mutane ba su lissafawa shi ne hanya. Maradi zuwa Yamai kilomita kusan 660, ka bi Ƙonni, Dogon Dutsi, Dosso. Ƙungiyoyin Yamai yawancin wasanninsu na waje cikin Yamai ɗin ne, ɗan wasa ya ci tuwon gidansu ya hau babur ya tafi fili. Namu sai sun wuni a kujera. In kuwa Arlit ce, ta Tawa da Agadas, to sai addu'a.

Akwai tafiyar da ba na mantawa. Kuɗin gazuwal bai haɗu ba sai bayan isha'i, muka tashi da dare, muka shiga Yamai da hantsi, wasa ƙarfe huɗu. Kuɗin masauki babu, yara suka shimfiɗa tabarmi cikin ajin wata lakwal. Na ga ɗan gaba yana ƙoƙarin sa takalmi ƙafa ta kumbura ta ƙi shiga. Aka ci su uku da nema. Da muka dawo, a tasha na ji wani yana cewa yaran ba su da kishin gari. Da ƙyar na haɗiye maganar da ta zo mini baki.

Mushen Lakwal:
Ni malamin makaranta ne, kuma kowane babban hutu ina haɗa yaran unguwarmu mu shiga TGV, gasar ƙwallon babban hutu. Duk mai cewa Maradi ba ta da 'yan ƙwallo ya zo unguwar Zariya ko ta Ali Ɗan Sofo da la'asar lokacin damina ya gani.

Yaro mafi kyau da na taɓa koyarwa, ɗan tsakiya ne mai ƙafar hagu. Wata ƙungiyar Yamai ta aiko a ɗauke shi, na tafi wurin mahaifinsa ina roƙon ya bar mana shi ko shekara guda. Dattijon ya saurare ni har na gama, ya ce: Mushe, can an ce akwai albashi ƙarshen wata, kai me za ka ba shi? Na tashi na sa takalmina.

Ku duba sunayen da ke ɗaukar kofi: AS FAN ta soja, AS Douanes ta duwan, AS Police, AS GNN ta garda, USGN ta jandarma, ga Sonidep ta kamfanin mai ga Nigelec ta kamfanin lantarki. Kowace da ma'aikata a bayanta, shugaba ya tafi wani ya zo, ƙungiya na nan. AS FAN ta kai zagayen rukuni a kofin Confederation na CAF a 2010, USGN ma ta kai a kakar 2021 zuwa 2022. Ba sihiri ba ne, asusu ne da ba ya mutuwa da mutum. Filin da na koyar da yaron nan kuwa yanzu gidaje ne.

Mai Kayan Katsina:
Ina shiga Katsina ta Ɗan Isa da Jibiya saro kaya, kuma in wasa ya faɗo ranar nakan tsaya Karkanda, filin ƙwallon Katsina. A 2022 Katsina United ta faɗa rukuni na biyu, tare da Kano Pillars mai kofi huɗu. Na ga ɗan kasuwar da nake sayen kaya wurinsa ya ƙi cin abincin rana saboda haka. A 2023 duk biyun suka dawo sama. Shekara guda tak. Amma ku lura, gwamnatin jiha ke riƙe da su, ko sun faɗi albashi bai tsaya dungurungum ba. Pillars ɗin ma a 1990 ƙungiyoyi uku aka haɗe ta fito. Shi ya sa ni nake ganin mu daina raba ɗan abin da ke hannunmu, a haɗe a yi guda mai ƙarfi.

Ɗan Bagalam:
Alhaji, haɗewar nan na taɓa zama taronta a wani mataki na unguwa. Awa uku aka yi kan sunan wa za a ɗauka, ba a kai ga maganar kuɗi ba aka watse.

Hajiyar Mokoyo:
Ku maza kuna ta lissafin mota da fili, ba wanda ya tambayi wa ke dafa abincin. Shekara biyu ina dafa ma wata ƙungiya duk lokacin da aka killace su kafin wasa. Shinkafa da wake da rana, tuwo da dare, fura ga mai so. Farko ana biya duk Juma'a. Daga baya sai a ce Hajiya rubuta. Na rubuta har littafi ya cika, na sayi wani. Ranar da ƙungiyar ta watse, shugaba ya ce in ga ma'aji, ma'aji ya ce shi ajiyar suna kawai aka ba shi, bai taɓa riƙe ko dala ba.

Yaran ban riƙe su a zuci ba, har gobe in sun gan ni a kasuwa sai sun durƙusa sun ce Inna. Ɗayansu kabu-kabu yake yi, bai taɓa karɓar kuɗina ba. Amma ga abin da zan ce: adashenmu na mata talatin ya fi shekara goma, ko sau ɗaya kwasa ba ta wuce ranarta ba, don kowace ta san abin da ta zuba kuma ana ƙirgawa gaban kowa. Ku da kuke da digiri kun kasa abin da muke yi kan tabarma. In za a tada wata, a ba mata jakar kuɗin. Ba wasa nake ba.

Baƙon Landan:
Inna Hajiya ta yi gaskiya, kuma na ga irinsa da idona lokacin da nake karatu a Ingila. A 2002 aka ba masu kulob ɗin Wimbledon izinin ɗauke shi zuwa wani gari, Milton Keynes. Magoya baya suka kafa nasu, AFC Wimbledon, suka fara daga can ƙasa, suka kira duk mai son bugawa ya zo gwaji a filin Allah. A 2011 suka shiga gasar ƙwararru, a 2020 suka koma sabon filinsu a Plough Lane, unguwarsu ta asali. Maƙwabcina dattijo ne mai katin zama mamba, ƙuri'arsa ɗaya daidai da ta mai kuɗi, kuma duk shekara ana kawo musu lissafin shiga da fita.

Mai Gidan Kallo:
Yallaɓai na Landan, bari in ba ka labarin gida. Na gwada. Na ajiye gwangwani a bakin ƙofa na ce duk wanda ya biya dala ashirin na kallo ya jefa ko dala biyar don ƙungiyar gari. Makon farko ya yi nauyi har na ji daɗi. Aka ci ƙungiyar sau biyu a jere, gwangwani ya koma sai ƙarar tsaba biyu. Wanda Arsenal ta shekara da shekaru tana sa shi kuka bai bar ta ba, amma ta gida wasa biyu ya yi mata haƙuri.

Kuma in faɗi laifina da bakina: ƙarfe huɗun Asabar da Lahadi da ake wasa a stad, shi ne lokacin da gidana ke cika. Ni da stad kishiyoyi ne. Da za a mai da wasan gida wata rana ko wani lokaci, ni da kaina zan rufe in kai su.

Tsohon Gola:
Mai gidan kallo, mutanen garin nan ba rowar kallo gare su ba. Je ka filin kokowa ranar da ake neman takobin sarkin kokowar ƙasa ka ga ko akwai wurin sa ƙafa. Tun Kantu, ɗan kokowar Maradi, ya ɗauko shi a 1975 har yau ba a daina cika ba. Can ana kiran ɗan kokowa da sunan garinsu, makaɗi na zuga shi, wanda ya zo daga Tibiri ko Madarunfa ya san nasa ne ke ciki. Zamaninmu haka ƙwallo take, da kalangu ake raka mu fili, kowa ya san ɗan gidan wane ne ke tsaron gida. In an ci ni, kunyar tsohuwata nake ji kafin ta koci.

'Yar Autan Sakatare:
Baba Gola, tun ɗazu nake karantawa hannuna na rawa. Ina jin akwatin da kake magana shi ne wanda ke ƙarƙashin gadon mahaifiyata, kore ne mai kwaɗo biyu. Mun buɗe shi bara muna neman takardar gida. Gara ta ci na ƙasa, amma na sama suna nan, da wata rigar gola mai lamba 1 an naɗe ta cikin leda. Akwai hoto na mutum goma sha shida, ɗaya ya durƙusa a gaba ya dafa ƙwallo, yana da tabo a gira ta hagu. Inna ta ce in kai ne, ka zo da jikan naka ranar Juma'a bayan la'asar, ita ba ta yarda a fitar da akwatin daga ɗaki.