An ba ni aikin janye ruwa a rijiyoyin gas na kwal, in tafi ko in riƙe injin Baba?

Ɗan Ƙofar Sauri: Assalamu alaikum. Na samu aiki a lardin Shanxi na ƙasar Sin, inda ake haƙo iskar gas daga kwal. Ruwan ƙasa ne ke danne gas ɗin a jikin kwal, sai an zuƙe shi matsi ya ragu kafin gas ya fito. Kula da famfunan ne aikina. Shi kuwa Baba so yake in karɓi injin haƙa bohol ɗinsa nan Katsina. Wa ya taɓa irin aikin?

Injiniya Na Daura: Wa alaikumussalam ƙanena. Na yi a Kwinsland ta Ostireliya. Aikin haƙuri ne. Ka ja ruwa da gaggawa, garin kwal ya taso ya toshe famfo. Da fari ruwa ne zalla, wata da watanni, sannan gas ya riƙa ƙaruwa. Ruwan kuma ɗanɗanon kanwa gare shi, in aka sake shi gona ba tacewa, ƙasa ta daskare ta zama faƙo. Tambaye su ina suke kai shi.

Maman Hanifa: Bohol! Allah ya isa. Rijiyar gidanmu tun ta kakan maigidana, ko a tsakiyar bazara guga bai taɓa dawowa wayam ba. Maƙwabci ya haƙa bohol yana ƙulla fiya wata, cikin wata 4 sai laka muke jawowa. Na aika, ya ce ruwan Allah ne. Yanzu kullum sai na sayi kura guda wajen 'yan garuwa.

Injiniya Na Daura: Hajiya, a can Kwinsland doka ta tilasta wa kamfani ya gyara wa manomi in rijiyarsa ta ja baya.

Mai Solar: Ki haƙa naki, miliyan 2 ya isa.

Abu Sadik: Wane miliyan 2? Bara na biya 3 da rabi, dutse suka tarar. Kai fanel kake sayarwa, bar masu haƙa su yi magana.

Mai Solar: Injiniyan ma ai ba ƙasar Katsina ya haƙa ba.

Bahaɗejiya: Katsinawa, ku bar yaro ya je ya turo mana gas a buhu, girki ya gagara!

Ɗan Ƙofar Sauri: Yaya Injiniya, maganar Baba fa?

Maman Hanifa: Ɗana, in ka zauna, don Allah ka riƙa duba rijiyoyin maƙwabta kafin ka kafa inji. Nawa ake sayar da jarka a unguwarku? Mu 100 ce.

Abu Sadik: 150 a nan, kuma famfonmu rabonsa da ɗigo tun kafin azumi.