Ɗana ya samu aikin nutso yana cire ciyawa a tafki: in bar shi ko in hana?

Wata 'yar uwa, an ɓoye suna:

Assalamu alaikum 'yan uwa. Shugaban zaure, don Allah a sakaya sunana.

Muna zaune a jihar Minesota ta Amurka. Ɗana mai shekara 19 ya gama shekararsa ta farko a jami'a, ya shiga neman aikin hutu. Ya samu a wani ƙaramin kamfani da masu gidajen bakin tafki ke biya a cire musu ciyawar ruwa a wuraren da suke iyo da ɗaure jiragensu. Ba inji ke cirewa ba. Mutum ne zai goya silindar iska ya nutse ƙasa, ya riƙa tumɓuke ciyawar tun daga saiwa yana cusawa a buhun raga.

Yaron ya iya iyo sosai, amma bai taɓa shaƙar iska daga silinda ba. Na tambaye shi wa zai koya masa, ya ce ranar Litinin da safe za a nuna musu a bakin ruwa sannan a fara. Da ya ga fuskata ta canza sai ya ce, "Mama, ruwan fa bai wuce ƙafa goma zuwa sha biyar ba, in wani abu ya faru tasowa kawai zan yi."

Jiya ya shigo da jakar kayan da suka ba shi. Da ya fita na buɗe. Akwai baƙar rigar roba mai warin danshi, da gilashin fuska, da wata ɗamara mai ƙullin dalma wadda na kasa ɗagawa da hannu ɗaya. Na gwada ɓalle maɓallinta, sai da na sa hannu biyu na danna da gwiwa kafin ya saki. Tun lokacin gabana ke faɗuwa. Mahaifinsa ya ce in ƙyale shi, neman na kansa yake yi, kuma gaskiya kuɗin sun fi na aikin kanti. Ni dai ban runtsa ba. Shin akwai dokar da ta tsare masu wannan aiki? Me ya kamata in tambaya? In hana shi ne, ko tsoron uwa ne kawai ke ɗawainiya da ni?

Baba Direba:

Wa alaikumus salam. Hajiya, hana shi. A wannan jihar taku samari biyu suka mutu a irin wannan aiki: mai shekara 20 a tafkin Minetonka a 2022, da mai shekara 18 a wani tafki a garin Apple Valley a 2024. Gani ga wane ya isa wane tsoron Allah. Aiki bai ƙare a duniya ba.

Ɗan Ruwa:

Hajiya, na yi shekaru ina aikin ƙarƙashin ruwa, duba gindin gada da bututu, kafin ciwon kunne ya sa na ajiye. Cikin duk bayaninki, cewar da ya yi ruwan ba zurfi ita ta fi tayar mini da hankali, domin duk sabon shiga haka yake faɗa.

Mai iyo da ya ja numfashi a sama ya nutse, iskar da ya tafi da ita ita zai dawo da ita. Mai silinda kuwa iskar da yake shaƙa a ƙasa a matse take, daidai da nauyin ruwan da ke kansa. A zurfin mita 10, kimanin ƙafa 33, matsin ya ninka na sama. In ya cika huhunsa a can ya riƙe numfashi ya taso, iskar za ta kumbura har ta ninka, kuma kumburin ya fi tsanani a 'yan ƙafafun ƙarshe dab da saman ruwa. Tasowar ƙafa huɗu ko biyar da cikakken huhu ta isa ta yaga shi, kumfar iska ta shiga jini ta haura ƙwaƙwalwa. To wanda ya firgita a ƙasan ruwa me yake yi? Numfashi yake riƙewa ya yi sama da gudu. Gwanin iyo ma jikinsa ya riga ya saba da riƙe numfashi, sai an yi ta maimaita masa a wurin horo kafin ɗabi'ar ta bar shi. Wannan "tasowa kawai zan yi" ita kanta sai an koye ta.

Sai yanayin aikin. Da ka tumɓuke tushe biyu ko uku laka ta tashi, ruwa ya dagule. Na sha manna tafin hannuna a kan gilashin fuskata ban gan shi ba. Agogon da ke nuna sauran iska ma sai ka kai shi dab da ido. Ciyawar da aka fi fama da ita a tafkunan nan, milfoyil, wadda aka fara gani a Minetonka a 1987, dogayen rassa gare ta masu kai wa har sama su yi shimfiɗa. Tana naɗe kan silinda ta bayan wuyanka inda ba ka gani, ga tsohon zaren fatsa da ƙugiyarsa a cikinta.

Ɗamarar da kika ɗaga, ana ƙara wa masu cire ciyawa nauyi ne don su zauna a ƙasa su yi aiki. Dole ta kwance da fizga ɗaya, da hannu ɗaya, ko da yatsu sun sandare. Wadda kika danna da gwiwa ba ta shiga ruwa ba ce. Kuma ban ji kin ambaci rigar da ake hura wa iska ta ɗago mutum sama ba. Ki sake duba jakar. In babu ita, ga maɓalli mai gardama, mutum na iya halaka a ruwan da bai fi tsayinsa da kamu biyu ba.

Injiniyan Gini:

Yaya, doka kam akwai, kuma ba ta yafe wa ruwa marar zurfi ba. Aikina ya shafi kiyaye lafiyar ma'aikata, bari in faɗi abin da na sani.

Hukumar OSHA ta tarayya, mai kula da tsaron lafiyar ma'aikata, tana da ƙa'idojin nutson aiki tun 1977, suna cikin kundin dokokin tarayya, 29 CFR 1910, sashen T. A Minesota hukumar jiha ce, MNOSHA, da ke ƙarƙashin ma'aikatar ƙwadago da masana'antu, take tabbatar da an bi su. Ga mai nutso da silinda, ƙa'idar ta ce duk lokacin da wani ke cikin ruwa sai an sami wani mai nutson a shirye yana jiran ko-ta-kwana. Na cikin ruwan kuma ko dai a ɗaura masa igiya wani na riƙe da ita daga sama, ko ya kasance tare da abokin nutso suna ganin juna ba yankewa. Ki haɗa wannan da abin da Ɗan Ruwa ya faɗa kan dagulewar ruwa: inda ba ka ganin tafin hannunka, ina maganar ganin abokin aiki? Igiya ce kaɗai ta rage. Shi ya sa mutum ɗaya a ruwa yana buƙatar aƙalla mutum uku a wurin: shi, da mai jiran ko-ta-kwana, da shugaban aikin na ranar.

Kowane mai nutso sai ya ɗauki iskar ajiya ta gaggawa, sai rigar da ke tsayar da shi a sama fuskarsa na kallon sama, sai ɗamara mai saurin kwancewa. Duk 'yan ayarin sai sun yi horon agajin farko da na farfaɗo da zuciya da numfashi, wato CPR. Sai an ajiye littafin ƙa'idojin kamfani a bakin ruwa, da akwatin agaji, da lambobin asibiti mafi kusa da na wurin da ke da ɗakin matsin iska, wanda ake jinyar masu nutso a ciki.

Bayan rasuwar samarin da Baba ya ambata, iyayensu sun yi ta zarya majalisar jiha, har Gwamna Tim Walz ya sa hannu kan sabuwar doka a 2025 mai ɗauke da sunayen yaran. Ita ta fito fili ta ce mai cire ciyawa da silinda sai yana da takardar shaidar nutso a buɗaɗɗen ruwa daga makarantar da aka amince da ita, ta kuma lissafa kayan da kamfani zai tanada. Kamfanin da aka kama da karya ƙa'idar nutso da gangan yana iya rasa izinin da DNR, hukumar albarkatun ƙasa ta jihar, ke bayarwa na cire ciyawa. Saboda haka wannan "za a nuna musu da safe" ya saɓa wa doka kai tsaye.

Anti Nas:

'Yar uwa, kafin maganar kamfani, likita ya duba shi. Asma, farfaɗiya, cutar sikila, ciwon zuciya, ko huda a dodon kunne, duk suna iya hana mutum nutso da silinda. Ko mura ce ta toshe hanci a haƙura da ruwa ranar.

Ki kula da sanyi kuma. Farkon lokacin zafi tafkunan nan ba su gama ɗumama ba, ruwa kuwa yana zuƙe zafin jiki kusan sau 25 fiye da iska. Yatsu ne ke fara mutuwa, su ne kuma za su ɓalle ɗamara. Ƙwaƙwalwa ba ta jure rashin iska fiye da minti huɗu zuwa shida kafin ta fara lalacewa, don haka mai jiran ko-ta-kwanan da sai ya nemo silindarsa a mota ba shi da amfani. In wani ya fito daga ruwa yana ciwon ƙirji, ko tari da jini, ko jiri, ko ɓarin jikinsa ya saki, a kira 911 nan take, a gaya musu da silinda ya nutse. Ƙungiyar DAN, mai taimakon masu nutso, ita ma tana da layin gaggawa dare da rana don irin wannan.

Ƙanin Kowa:

Mama, ni na yi wannan aikin hutu ɗaya a wani kamfani, kafin sabuwar dokar. Mu uku ake turawa gida guda, kowa ya kama kusurwarsa, ɗaya ya tsaya a kan gadar katako yana jan buhuna. Ba igiya, ba mai ƙirga mintocinmu. Wata rana ciyawa ta naɗe mini bututun numfashi, na juya in kwance sai ya fita daga bakina. Na yi ta lalube cikin duhu, hannuna na cika da laka, har Allah ya sa na dafa shi a kafaɗata. Da na fito, na kan gadar bai ma san an yi ba, buhu yake zazzagewa ya ba ruwa baya. Ban gaya wa kowa ba, kunya nake ji kada a ce na kasa. Har yau a gida ba su sani ba.

Roƙona, kada ki hana shi da faɗa. In kika yi haka zai ce tsoro ne na iyaye mata, ya tafi a ɓoye. Ki ba shi wayarki ya karanta abin da Ɗan Ruwa ya rubuta, ki bar shi ya kira manajan da kansa. Ya kuma tambaya a matsayin me za a ɗauke shi: ma'aikaci mai takardar W-2, ko ɗan kwangila mai 1099. In suka ce 1099 alhali su ke ba shi kaya da lokaci, to inshorar rauni a wurin aiki suke gudu.

Baba Direba:

Ɗana, Allah ya ƙara tsarewa. Amma ni ban ga abin da takardar shaidar nutso ta kwana huɗu za ta yi wa yaro a cikin duhun laka ba.

Ɗan Ruwa:

Baba, gaskiyarka rabi. Takardar ƙungiyoyin koyar da nutso irin su PADI da NAUI ta nutson shaƙatawa ce, ana samunta cikin 'yan kwanaki da nutso huɗu a buɗaɗɗen ruwa. Makarantar nutson aiki watanni take ɗauka. Amma a waɗannan kwanakin ake koyon lalubo bututu in ya suɓuce, da fitar da ruwa daga gilashi, da yar da ɗamara, da tasowa ana fitar da numfashi. Abin da ya ceci Ƙanin Kowa bisa sa'a, a can darasi ne da ake maimaitawa har ya zama jiki. Ita ce matakin farko. Ba ta maye gurbin igiya da mai jira a sama, kuma ko yana da ita ba zan bar ɗana ya shiga ba sai na ga waɗannan biyun da idona.

Mai saƙon, daren Lahadi:

Allah ya saka muku da alheri, ya tsare muku zuri'a. Na bi shawarar Ƙanin Kowa. Mun zauna mu uku da mahaifinsa, yaron ya karanta komai bai ce uffan ba. Ya tashi ya zazzage jakar a tsakar falo, babu rigar iskar. Ya ɗaura ɗamarar a ƙugunsa ya gwada ɓallewa da hannu ɗaya, sau uku tana ƙi. Mahaifinsa ne da kansa ya ce ya kira manajan.

A gabanmu ya kira. Takardar shaida, aka ce zai iya yi daga baya. Mai jiran ko-ta-kwana, aka ce ai sauran yaran suna kusa. Igiya, aka ce tana hana aiki sauri. Ya ce musu ba zai shiga ruwa ba, gobe zai mayar da kayansu. Yana so ya yi kwas ɗin da kuɗinsa bayan ya ga likita, ya nemi wani kamfanin. A kan wannan ban ce e ba tukuna.

Abin da ya hana ni barci yanzu daban ne. Akwai wasu yara biyu da za su fara gobe da safe, ɗaya shekararsa 18. In na kai ƙara, ba za a gano ɗana ne ba?

Injiniyan Gini:

Yaya, ki kai. Ana cike takardar ƙorafi a shafin MNOSHA na intanet ko a daren nan, kuma kina da damar neman kada a bayyana wa kamfani sunanki. Da an buɗe ofis ki bi da kiran waya, ki ce haɗari ne da ke dab da aukuwa, ki faɗi tafkin da lokacin, irin wannan suke fara dubawa. In aka hukunta ma'aikaci saboda ya yi magana kan tsaro, yana da kwana 30 ya shigar da ƙara. A ɗauki hoton ɗamarar da duk abin da ke jakar kafin a mayar.

Mai saƙon:

Mun ɗauki hotunan, na cike takardar. Yaron ya tura wa abokan nasa biyu duk abin da kuka rubuta. Ɗaya ya amsa ya ce zai nuna wa babansa. Ɗayan bai buɗe saƙon ba har yanzu, shi ya sa ɗana ya ce ƙarfe shida zai je bakin tafkin ya tare shi kafin ya sa kaya. Mahaifinsa ne zai kai shi.