Tiyatar ƙirji ta ƙananan ƙofofi: shawarwarin da na tsinta

Tattaunawar da na bi kan wannan tiyata ta fi tsayawa kan sankarar huhu. Maimakon a tsaga ƙirji a buɗa haƙarƙari, likita yakan yi 'yan ƙofofi 1 zuwa 4 tsakanin haƙarƙarin, ya zura kyamara, yana kallon allo yana cire sashen da ya kamu. Ciwon bayan aiki ya fi sauƙi, ana kuma saurin komawa gida.

Amma ba kowa ya dace da ita ba. Sai an auna ƙarfin numfashi da girman ƙarin tukuna. In jini ya ɓalle, likita zai koma babbar tsaga nan take, don haka a tambayi wannan tun kafin a sa hannu.

Shawarar da ta fi shiga raina: mai shan taba ya daina aƙalla makonni 4 kafin aiki. Bayan aiki kuma ya rungume matashi a ƙirji ya yi tari, ya taka ƙasa ko da robar zuƙe ruwa na jikinsa.

An kuma taɓo aikin bututun abinci, wanda ya fi nauyi, domin bayan an cire sashen da ya kamu, galibi da tumbi ake ɗinka sabuwar hanya. Bayan aikin sai ci kaɗan-kaɗan da kwanciya da kai a sama. In zazzaɓi ya taso a garzaya asibiti, wataƙila ɗinkin ne ke yoyo.