Kurciyar nan mai ruwan hoda, har yanzu akwai ta?

Mai Tantabaru: Jama'a, na ga hoton wata kurciyar daji ta tsibirin Morishus, ƙirjinta ruwan hoda, bindinta ja-ja. Na daɗe ina kallonta. Aka ce ta kusa ƙarewa, abin ya tsaya mini a rai. Da sauranta?

Ɗalibar Tsuntsaye: Akwai, Malam, amma da ƙyar ta sha. A 1991 guda 10 kacal suka rage a daji. Sare itatuwa ya cinye mazauninta, ɓeraye da birai kuma suna shanye ƙwanta. Sai aka riƙa kiwata a killace ana saki. Yanzu sun kai ɗaruruwa, har IUCN, ƙungiyar kare halittu ta duniya, ta sassauta matsayinta a jerin halittun da ke cikin haɗarin ƙarewa a 2018.

Baba Manomi: Madalla, 'yata. To birai fa?

Ɗalibar Tsuntsaye: Suna nan, Baba. Har yau sai da tsaro da ƙarin abinci.