Wace ce mujallar wasan kwaikwayo ta farko a Rasha?

Malam Sani: Abin nan yana min ciwo. Duk wanda ya tashi maganar mujallun fasaha na Rasha sai ya fara da Mir iskusstva, mujallar zane da fasaha ta edita Diaghilev, kamar kafin ita ba a yi komai ba. Ga mujallar wasan kwaikwayo Teatr i iskusstvo ta edita Kugel, mako-mako take fita daga 1897 har 1918, tana bin wasanni tun suna kan dandamali, amma ba mai ambatonta. Ta farko ma tun 1808 ta fito a Petersburg, Dramatichesky vestnik.

Hajiya Binta: Ta farko? A'a, Malam. Rossiysky featr fa? Cibiyar Kimiyya ta Rasha ta buga ta ƙarƙashin Gimbiya Dashkova daga 1786 zuwa 1794, kashi 43.

Malam Sani: Hajiya, wannan ai kundin wasanni ne. Mujalla sai da sharhi kan wasan da aka yi, da hukunci kan 'yan wasa, da labarin gidajen wasa.

Hajiya Binta: Kashi-kashi take fita, kuma hukuma ta sa mata ido. A 1793 aka sa wasan marubuci Knyazhnin, Vadim Novgorodsky, a kashi na 39, Sarauniya Katarina ta sa aka yage shi saboda ya ɗaukaka mai tawaye ga sarauta.

Kabiru: Yagewa ba ta mai da littafi mujalla, Hajiya.

Yaya Hadiza: Ku dai kullum Petersburg. Mosko ta yi Artist ta Kumanin daga 1889 zuwa 1895, da Rampa i zhizn daga 1909.

Kabiru: Yaya, Mir iskusstva ɗin ma ana kuskuren shekararta. A Nuwamba 1898 ta fito, bangon ne ke ɗauke da 1899.

Yaya Hadiza: Abin da ke bango shi ɗakin karatu ke rubutawa a kundi, da shi za ka nemo ta.

Kabiru: Ranar da ta bar maɗaba'a ita ce ranarta. Attajiri Mamontov da Gimbiya Tenisheva ne suka zuba kuɗin. Aka kama Mamontov a 1899, sai tallafin Sarki Nikolai na Biyu ya riƙe ta, ta kai 1904.

Hajiya Binta: To, in taƙaita: an nuna 1786 ta riga 1808, Malam Sani bai kawo abin da ya rushe wannan ba. Zancen Mosko da na bango gefe ne.

Malam Sani: Ban yarda kundi mujalla ne ba, Hajiya, a rubuta haka.